Igiyar Shanun Marayu

Malam Sanda ya rasu damina biyu bayan Nasara sun naɗe tutarsu, shekarar da aka gama rijiyar siminti ta bayan kasuwar dabbobi. Na riƙe lokacin ne don a shekarar na aurar da ɗiyata ta fari, kuma a lokacin ne kamyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa Dakoro duk ranar kasuwa, ba sai an yi sa'a ba. Ni ban shiga lakkwal ta boko ba, allo ma iyakata abin salla. Saboda haka kada ku tambaye ni lambar shekara. Ku tambaye ni launin saniya, sai in faɗa muku har na uwarta.

Ku yaran yanzu in kun ji an ce Dije mai riƙon amana, sai ku ce, to mene ne aiki a ciki? A ba ka, ka ajiye, a zo a karɓa. Har jikana mai karatun shari'a a Yamai ya taɓa faɗa mini haka. Na ce, "Angona, in da sauƙi, me ya sa suka tsare ka shekara da shekaru kana karanta shi?" Ya yi dariya ya ce nasu daban ne. Na ce to, zauna ka ji namu.

Sana'ar a hannun Gwaggo Kuluwa na koye ta, yayar ubana. Tana da wani ɗaki marar taga a ƙuryar gida, can mutane ke barin abin da ba su iya tafiya da shi: akwatuna, kwallaye, sirdin raƙumi, takubban Buzaye. Aikina na farko wata tukunya ce da aka liƙe bakinta da laka. Wani mutumin Ajekoriya ya bar ta zai tafi Makka a ƙasa. Kowace safiya in ɗaga ta, in duba ƙarƙashi don gara, in mayar. Wata rana na ce, "Gwaggo, mene ne a ciki?" Ta ce, "Wuta." Na ce ai ba zafi. Ta ce, "Buɗe ki gani." Ban buɗe ba. Mutumin ya dawo da furfura, ya duba lakar, ya ga yatsunsa na nan kwance a kai, ya ɗauki abinsa ya tafi. Har yau ban san abin da ke cikin tukunyar nan ba, kuma ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan rashin sani.

Da na yi wayo sai Gwaggo ta ɗora mini ƙwaryar fura ta aike ni ƙofar alƙali. Ta ce, "Ki sayar da hannu, ki saya da kunne." Zauren alƙali zana ce ta raba shi da waje, duk abin da aka faɗi yana fitowa. A nan na yi karatuna. Na ji yadda ake raba gado, na ji wa ke biya in ajiya ta ɓata. In ɓarawo ya fasa, ko gobara ta ci, ba ka yi sakaci ba, babu biya a kanka. Amma in ka taɓa, ko ka gauraya da naka, ko ka kai ta inda mai hankali ba zai kai tasa ba, to ta zama bashi a wuyanka. In na koma gida Gwaggo ta sa in maimaita mata shari'ar ranar, ta ce, "Da ke ce alƙali, me za ki yanke?" In na yi kuskure ta ce furar tawa ta fi ni hankali.

Ita ce ta rarrabe mini amana biyu. Ta ce, "Ajiya barci take yi, kada ki tashe ta. Dukiyar maraya kuwa tafiya take yi, kada ki bar ta ta zauna. In ta zauna, zakka ta ɗiba, lanho, harajin gwamnati, ya ɗiba, kafin yaro ya yi gemu sai igiya."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai igiya, kowane mai dukiya da irin tukarsa, ba a ɗaure dabbar wani da igiyar wani. Akwai ƙarfen yi wa dabba shaida, da buhun kanwa. Amma mafi tsada su ne shaidu, kuma nan ne mutane ke yin wauta. Kowa sai ya nemi dattijo mai farin gemu ya kafa shaida. Gwaggo ba ta taɓa yin haka ba. Takan ce, "Maraya na goye, ki kafa tsoho shaida? Ranar da kike nemansa yana kushewa." Samari take nema masu salla, waɗanda za su kai ranar mayarwa da haƙoransu.

To, Malam Sanda. Ɗan kasuwar hatsi ne, yana kai wa Maradi, wani lokaci har Jibiya, ya juyo da atamfa da goro. Duk ribar da ya samu saniya yake saye, har ya tara garke na gani na faɗa. Matarsa ta riga shi, ta bar masa ɗiya biyu ƙanana, Ibro da Hasana. Lokacin Gwaggo ta rasu, ɗakin ajiya ya dawo hannuna. Da ciwo ya ci ƙarfinsa sai ya aika aka kira ni, ga liman zaune, ga ƙanensa Garba. Ya ce, "Dije, shanun yaran nan ke na bar wa." Na ce, "Malam, ga ɗan'uwanka." Ya ce, "Garba ya riƙe yaran, yana son su. Ke ki riƙe shanun, don su ma yana son su." Garba bai yi dariya ba. Na fita na kamo samari biyu masu ɗinki a bakin kasuwa, Sanda ya maimaita maganar a gabansu.

Kada ku ɗauka Garba mugu ne. Mutum ne mai zafin nema. Shekarun nan gujiya ce sarauniya, kowa ya ga kamyo sai ya ga Makka. Bayan an share makoki ya zo mini. Ya ce, "Dije, a sayar da rabin shanun nan mu haɗa kuɗi mu sayi kamyo da wani abokina na Maradi. Kafin yaran su girma sun zama attajirai."

Na ce, "Kamyo yana haihuwa?"

Ya ce, "Yana kawo abin da ya fi haihuwa."

Na ce, "Ranar da ka ga ya haifi ɗan kamyo, zo mu yi magana."

Ya ce to, in ba haka ba, a haɗa su da garkensa, makiyayi ɗaya ya kora su duka. Nan ma na ƙi. Garke ɗaya, rijiya ɗaya, cuta ɗaya. Kuma saniyar da ta shiga garken kawu, in an yi shekara biyar, ita kanta ba ta san ta wa ce ba.

Abin da na yi shi ne na hau jaki na nufi arewa, wajen Bader Gula, inda Bararo ke shayarwa a rijiyoyin kwarin Tarka. Su suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Mutum ya ɗaura wa abokinsa karsana, ta zauna a garkensa, ya sha nononta, ƴaƴan da ta haifa su zama nasa, daga baya ya mayar da uwar. Abin da na lura da shi tun ina yarinya, in ana shayarwa, saniyar habbanaye ita ke fara sa baki a kwami. In ciyawa ta yi wuya ita ake fara ba. Ba a dukanta. Wanda ya bar ta ta lalace, ba ya sake ɗaga kai a taron danginsa. Na ce a raina, wannan tsaro ba a sayen shi da lada.

Babban wanda na samu shi ne Jabbi, wani dogo mai raha, da ma yakan bar mini tandun mansa ajiya. Na faɗa masa buƙatata, na ce amma dukiyar marayu ce, ba ni da ikon kyauta da ita duka. Ɗan fari nasa, na biyu na yara, haka za a riƙa yi.

Ya riƙe baki ya ce, "Kai, Kaɗo! Ko a habbanaye sai kun yi ciniki?"

Na ce, "Kai kuma ko a aljanna sai ka tambayi ina mashaya."

Ya ce, "To ina take?"

Muka yi dariya, muka shirya. Na ba shi jar karsana mai farin goshi, wadda Sanda ya fi so, ana ce mata Goshi, da wasu tare da ita. Sauran na rarraba su gida gida, wasu wajen dangin Jabbi, wasu wajen wani Buzu, kaɗan na bari a gari don nonon yara. Kowace na ɗaura mata igiya mai baƙin zare a tuka, tukar gidan Sanda, kuma kowace sai da samarin nan biyu suka ga hannun da ya karɓa.

Garba ya kai ni ƙara. Ranar zauren alƙali ya cika, ni da na saba tsayawa bayan zana, ga ni a ciki. Garba ya ce, "Allah gafarta malam, abu biyu ne. Na ɗaya, yaushe mace ta zama mai riƙon dukiya alhali ga namiji a gida? Na biyu, ta kwashe shanun marayu ta raba wa mutanen da ba su da gari, ba su da ƙofa, yau suna nan gobe sai toka. Har ƴan maruƙa take ba su kyauta."

Alƙali ya ce na farko ba magana ba ce. Uba ya yi wasiyya da bakinsa gaban shaidu, kuma mace mai hankali da amana tana riƙo. Sai ya juyo kaina. "Amma ke Dije, kin san ba a kyauta da dukiyar maraya."

Na ce, "Allah gafarta malam, a ƙofar nan na koya. Ba kyauta ba ce, ladan kiwo ne. In na ɗauki makiyayi, in biya shi ko saniya ta haihu ko ba ta haihu ba, rana ta yi zafi ya kwanta gindin aduwa. Wannan kuwa ba ya samun komai sai saniyar ta rayu ta haihu. Wanne ya fi wa maraya?"

Alƙali ya shafa gemu. Sannan ya ce ladan ya halatta. Amma kai dukiya daji, in ta ɓata ba a san inda ta shiga ba, wannan sakaci ne, ni zan biya. Ya ce, "Da me za ki biya?" Na ce da gonata da gidana. Ya ce a shaida. Aka shaida. Mijina bai yi mini magana ba sai da aka yi sallar Juma'a biyu.

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya. Duk kaka Bararo su sauko cin kara, in je in duba shanu, in kai kanwa, in ware maruƙan yara, in fitar da zakka gaban liman. Bajimai in sun ƙosa in sayar in sayi karsana. Ban taɓa shan nonon shanun nan ba sai ranar da na wuni a kansu. Ibro yana tasowa na fara tafiya da shi, don a ƙofar alƙali na ji cewa ba girman jiki ake dubawa ba kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa, hankali ake gwadawa. Na ba shi tunkiya na ce ya kai kasuwa. Ya dawo da ita ya ce dillalai sun haɗa baki, bai sayar ba. Na ce madalla, wanda ya iya ƙin sayarwa ya fara iya saye.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ruwa ya sauka sau ɗaya aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya ɗauke. Hatsi bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Kafin tsakiyar rani shanun gari suna cin zana da tsumma. Garken Garba, da yake wuri ɗaya yake, a bakin rijiya ɗaya ya ƙare, ana jan mushe da jakai. Kamyon da ya zuba kuɗinsa a ciki ya mutu a rairayin hanyar Maradi, ba a samu ƙarfen gyara ba. Ƴan shanun da na bari a gari, na sayar da zanen aurena na saya musu ƙaiƙayi da kowar gujiya, wato harawarta, duk da haka biyu kaɗai suka tashi.

Bararo kuwa suka ɓace. Wasu suka ce sun yi kudu sun shiga Najeriya, wasu suka ce har sun wuce inda ake jin Hausa. Damina ta zagayo, ruwa ya samu, ba su dawo ba. Kaka ta wuce, shiru. In na ratsa kasuwa sai in ji mata suna cewa, "Dije, ina surukanki na daji?" In ce suna gaishe ku. Masu ajiya suka fara zuwa suna karɓe kayansu, ɗakin Gwaggo ya koma sai amsa kuwa.

Garba ya koma wurin alƙali. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ga yara biyu na ɗan'uwansa a wuyansa ban da nasa. Ya ce Ibro ya isa, a ba shi dukiyarsa, in babu a sayar da gidan Dije. Ban ga laifinsa ba. Alƙali ya ce, "Dije, magana tana nan yadda aka shaida. Na ba ki zuwa kaka mai zuwa. In an ɗaure dammuna ba shanu, gida da gona sun fita hannunki." Na ce na ji. Mijina ya ce mu fara neman inda za mu kafa bukka. Na ce ya nema shi kaɗai, ni tukar igiya nake yi, maruƙa na tafe ba su da abin ɗauri. Ya ce na haukace. Na ci gaba da tuka.

An fara yankan hatsi, ranar kasuwa da hantsi, ina tsakar gida, sai wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Dije, fito, ga wani Bararo a ƙofarki ya ƙi yin sallama, sai kuka saniyarsa ke yi." Na fita. Jabbi ne, ya zama kamar sanda. Bayansa Goshi, ta tsufa, ƙaho ya ƙara tsawo, igiya mai baƙin zare na nan a wuyanta, an ƙulla ta wuri wuri inda ta tsinke. Bayanta ƴaƴanta da jikokinta.

Na ce, "Jabbi, ina garkenka?"

Ya nuna ƴan shanu da ba su kai yatsun hannu ba, ya ce, "Ga shi."

Na ce, "Ka bar naka suka mutu?"

Ya ce, "Nawa nawa ne, in sun mutu ni da Allah. Wannan in ta mutu ni da ke, Kaɗo, kuma na san bakinki."

Daga ranar suka yi ta zuwa, yau ɗaya, jibi biyu. Buzun ya aiko ɗansa da nasa kason. Wata mata cikin dangin Jabbi ta zo ita kaɗai, mijinta ya mutu a hanya, saniyar ma ta mutu. Ta kwance ƙunshi ta fito da igiyar da fatar wurin shaida, ta yanko ta ta busar, ta yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa don kada a ce sun ci. Tana jaye da maraƙa ɗaya tak da ta rage mata, wai in karɓa a madadi. Na ce, "Mayar da abarki. Abin da Allah ya kashe ba a biyan shi." Ta ƙi, na ƙi, sai da alƙali ya sa baki ta haƙura.

Ranar mayarwa a filin bayan rijiyar siminti aka yi, don zauren alƙali ba ya ɗaukar shanu. Samarin nan biyu masu ɗinki suka zo, yanzu kowanne da iyalinsa, haƙoransu cif. Suka faɗi abin da aka ba ni. Aka duba abin da ke tsaye, duk da mugunyar shekara ya fi abin da Sanda ya bari. Garba ya zagaya su yana taɓa ƙaho. Sai ya ce, tunda shekara ta ɓaci, maruƙan lada da ke hannun Jabbi ma a karɓo wa marayu. Na ce, "Garba, amana baki biyu gare ta. Na riƙe wa yaran nasu, zan riƙe wa Jabbi nasa." Alƙali ya ce haka ne. Aka raba, Ibro kashi biyu, Hasana kashi ɗaya, na sa kowanne ya kama igiyarsa da hannunsa gaban jama'a, na karkaɗe zanena na ce, "Ku shaida, na fita."

Ban kai bakin fili ba Ibro ya kira ni. Ya ce, "Inna, ba sauran igiya?" Na ce akwai, ai shekara guda na yi ina tuka. Ya karɓi biyu. Ya mayar wa Jabbi Goshi, ya ce ta saba da shi, ta ƙarasa kwananta a can. Sannan ya kamo wata jar karsana, ɗiyar Goshi, ya ɗaura mata igiya, ya ja ta har gaban kawunsa ya durƙusa. Ya ce, "Baba, habbanaye. Ɗan fari naka, na biyu nawa."

Garba ya dubi karsana, ya dubi yaron, ya dube ni. Ya ce, "Yaya Dije, ke kika koya masa?" Tunda nake da shi bai taɓa ce mini Yaya ba. Na ce, "Ni ciniki kaɗai na koya masa." Jabbi ya ce, "Shi ne na ji, Kaɗo ƙarami ya taso." Aka fashe da dariya, Garba ya miƙa hannu ya karɓi igiya. Kafin sati ya zagayo ɗakin Gwaggo ya sake cika, har da akwatunan matan da ke tambayata surukaina na daji.

Mutanen wannan zamani sun ƙare sai ɗaiɗai. Alƙali ya daɗe da rasuwa, Garba ma, Jabbi ma, an ce a bakin rijiya ya cika yana jan wasaki. Ibro ya riga ni, Allah ya jiƙansa. Cikin masu ɗinkin nan ɗaya na nan, ido ya tafi amma in kun tambaye shi zai lissafa muku shanun da launinsu. Hasana na Sabon Maci da jikoki, duk kaka tana aiko mini da man shanu. Sai ni. In kuma kun je kasuwar Bader kuka ga jar saniya mai farin goshi da baƙin zare a igiyarta, ku gaishe ta da ladabi, jinin Goshi ce, kuma a hannun jikokin Garba take.